Ɓerayen Inugu da Ɗan Fari

Mun tashi daga Fatakwal ana kiran asuba, ruwa na yayyafi. Maigida ya raka ni tasha a Mile One, ya wuce mahauta, don nama ba ya jiran kowa. Kuɗin mota ya ƙaru kan yadda na sani, na biya ban yi ciniki ba. A cinyata akwai kwanon dambun nama, ko da yake na san mai shi ba zai iya ci ba.

Mai shi ɗana ne na fari. Ku yi mini afuwa, ba zan rubuta sunansa ba, bakina bai taɓa faɗarsa ba. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ni kuwa na riƙe alkunya yadda na tarar ana yi. Dako yake yi a kasuwar Anacha. Ya ɗora buhun albasa a kan gammo, santsi ya kwashe shi, wuya ya bugu, aka kai shi asibiti a Inugu. Abin da aka gaya mini a waya shi ne yana numfashi, amma da ƙyar.

Hanyar Oweri duk itatuwan kwakwa ne a cikin hazo, kamar suna tsaye a ruwa. Ina gyangyaɗi ina farkawa. Allunan bakin hanya nakan karanta rabinsu, kafin in haɗa sauran baƙaƙen mota ta wuce. Wata mai sayar da gasasshiyar ayaba ta miƙo ta taga tana ce mini “Hajiya”, na saya don ta yi mini fata mai kyau.

A Anacha na sauka unguwar Hausawa wurin yayana, falken shanu ne. Daga bayan masallacinsu ana hango kogin Kwara, faɗinsa kamar sama ta kwanta a ƙasa. Na daɗe ina kallonsa. Ana kawo mini waina Yaya ya fara bayani. Tirelar da ta sauke shanu za ta koma Arewa fanko, ya sa an wanke ta, an shimfiɗa katifa. Za ta biyo ta Inugu a ɗauki yaro zuwa wurin maɗorin garinmu, wanda ya taɓa ɗora wa shi Yayan ƙafa.

“Na san ba za ki yi magana a kansa ba,” ya ce, “shi ya sa na yanke miki.”

Na sunkuyar da kai. Shi ya ɗauka na yarda, ni kuma ban san abin da na yi ba.

Tare muka kama hanyar Inugu, inda aka gyara titi, mota ta yi ta shawagi, inda ba a gyara ba mu yi ta salati. Da tuddai suka fara bayyana, yara suka kewaye mu da okpa, wani alale ne na gurjiya a ƙunshin ganye. Yaya ya ce gurjiyarmu ce ta zo kudu ta yi kuɗi.

Autata ce ta tarye mu. Karatu take yi a jami'a, tana haya a unguwar Obiagu. Ta ce lokacin shiga wurin marasa lafiya bai yi ba, mu fara biyawa ɗakin binciken da take aiki, akwai abin da take so mu gani. Ashe ta riga ta ji labarin tirela.

Ɗaki ne mai sanyi, shiru kamar masallaci bayan an watse. Aka ba mu riguna, muka tsaya ta bayan gilashi. Ɓeraye ne farare tas, idanunsu ja kamar tsakiya, kowanne a akwatinsa.

“Mu muna sayen guba, ku kuna ba su masauki,” in ji Yaya.

“Kawu, abeg, waɗannan sun fi ni gata, su ba a ɗauke musu wuta.”

Ta ce numfashi ba daga huhu yake farawa ba. Saƙo ne ke saukowa daga kai, ya bi ta lakar da ke cikin ƙashin wuya, ya isa tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki. Wannan tantani na san shi, na sha wanke shi a kayan ciki, ban taɓa zaton shi ke jawo mana iska ba. Sukan yi wa ɓera allurar barci, su yanke gefe ɗaya na lakar, don su ga yadda numfashi zai kasance. Na ji tausayinsu, na faɗa mata. Ta ce ita ma tana ji.

Ta nuna mini wanda aka yi wa kwanan nan. Numfashinsa gajere ne, sama-sama, yana yi da sauri kamar mai tsoro. Sai ta nuna wani da ya jima. Shi nasa ya ɗan zurfafa, yana ta wanke fuska da hannuwa. Ta ce akwai wasu siraran jijiyoyi a gefen da ya tsira, masu tsallakawa zuwa gefen da ya mutu. Da can kamar barci suke, sai a hankali su fara ɗaukar saƙo.

“Ɓera ba mutum ba ne, Umma, ban yi miki alkawari ba. Amma a wuyan yayana ba ƙashi kaɗai ya taɓu ba. Abin da ya rage masa siriri ne. In aka ja wuyan, ko ramin hanya ya girgiza shi...” Ba ta ƙarasa ba.

Na tsaya ina kallon cikin ɓeran yana ɗagawa yana sauka. Sai na ga kamar ɗakinmu na Borokiri a Fatakwal ne, ƙamshin gishirin ruwa na shigowa, jariri na barci a tabarma, ni kuma ina satar kallon cikinsa in surukata ta fita.

Da la'asar aka bar mu muka shiga. Yana kwance, an tallafe wuyansa da wani abu mai tauri, roba a hanci. Ya rame. Wayar Yaya ta yi ƙara, direban tirela ne, ya iso bakin gari.

Ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Na ɗora tafina a ƙasan haƙarƙarinsa, rabona da taɓa shi tun yana goye. Gefen dama yana motsi. Hagu shiru, sai wani ɗan abu can ƙasa, ban sani ba ko shi ne, ko jinin hannuna ne.

“Yaya,” na ce, “a sallami mai mota. Ɗana ba zai tashi daga nan ba.”

Ya dube ni. Sannan ya fita baranda, na ji yana ce wa direba katifar ta zama tasa.

Yaron ya motsa leɓe, na kai kunne. Kalma ɗaya, hutu, kalma ɗaya.

“Umma... ashe... kin san ni.”

Auta ta yi dariya tana share ido. Dambun kuwa masu jinya a gadon kusa ne suka ci.

Na dawo ta hanyar Aba don in haɗa kaya in koma jinya. Likita bai ce zai warke ba, bai ce ba zai warke ba, mun bar wa Allah. Maigida ya tare ni a ƙofa yana tambayar jiki, na ba shi labarin ɓeraye, ya ce lallai na sha hanya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne. Shiru ma magana ce, in ba ki fassara shi ba wani zai fassara miki. Alkunya tarbiyya ce, ban yar da ita ba, har yanzu ban faɗi sunan ba. Amma hannuna ya riga ya san hanya, kuma jibi in Allah ya kai mu zan mayar da shi gefen hagu in saurara.