Ruwan Binuwai da ban kai wa Dakta Sa'idu ba

Yau da safe, ina shan shayi a Deira, aka kira ni wai Dakta Sa'idu ya rasu. Na ce wane Sa'idun? Ai jiya muka yi waya, saƙonsa ma yana firjin masaukina.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu kaina bai ɗauka ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ɗan Numan ne, malamin jami'a a nan Dubai. Aikinsa binciken abin da kogi ke kwasowa ya kai teku: ruɓaɓɓen ganye, laka, da ƙarfen da ke manne da su wanda ido ba ya gani. Nakan tsokane shi, mai binciken kogi ya tare a garin da babu kogi ko ɗaya.

Duk zuwana sayen kaya shi ke raka ni asibitin ido, ya karanta min takardun kago na jigilar kayana. Bai taɓa cewa ya gaji ba.

Bara ya roƙe ni in taho masa da ruwan Binuwai na damina, gora uku. Matata Hajiya ta ga ruwan jajir, ta ce wallahi ba za a kai wa Dakta wannan ƙazanta har Dubai ba. Ta jefa alif, ta tace da ƙyalle. Ni ma na ga kyan hakan.

A cikin abra, kwalekwalen fito na nan, na miƙa masa, muna tsallaka mashigin teku zuwa unguwar Bur Dubai. Ya ɗaga gorar, garau. Ya yi dariya har da hawaye.

"Baba, ai dattin nake nema. Hajiya ta yi aikin teku tun daga Yola."

Wai haka gishirin teku yake yi, da kogi ya iso sai kayan da ya ɗauko su dunƙule su kwanta a bakin gaɓa. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Bana da kaina na shiga kwalekwale na ɗebo, na hana kowa taɓawa. Jiya na sauka na kira shi. Ya ce, "Khalas, shi ke nan Baba, sa a firji, gobe bayan la'asar ina zuwa."

To ga la'asar ta yi. Ban san wa zan ba wa amanar nan ba. In zuba a teku? In mayar Yola? Don Allah wanda ya san ɗalibansa ya yi min magana kafin Juma'a, ranar zan koma.

Ɗazu na buɗe firjin na ga lakar ta fara kwanciya. Ban sani ba ko daidai ne, amma na girgiza gorunan.

Allah Ya jiƙan Sa'idu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.