Baba Ilu da Kwamfutar Makarantarmu

Jama'a, ku ji abin haushi!

Ƙarfe ɗaya da kwata daidai, ni da Malam Sanusi mai gyara muka fara sa wa tsohuwar kwamfutar makarantarmu ta Tsafe sabuwar manhaja. Gobe za mu buga takardun jarrabawa.

Ya ce, "Hedimasta, kar a taɓa ta sai ta gama."

Muka tafi Azahar, muka dawo, ta mutu! Muka sake daga farko. La'asar ma haka!

Ashe Baba Ilu maigadi ke kashe janareta. Na ce, "Baba, don me?"

Ya ce, "Malam, ba kowa gabanta, mai ya ƙone a banza?"

Yanzu kwamfutar ko kunnuwa ba ta yi. Don Allah, mai laftof ya ara mana kafin safiya.