Malam Auwalu da 'Yar Motarsa Mai Inji a Tsakiya

Wallahi har yanzu na kasa yarda.

Da safiyar nan ina shirin fita makaranta, ƙanin Malam Auwalu ya kira ni yana kuka. Wai Malam ya rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, aka kai shi asibiti a Kano, shi ke nan. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tare muke koyarwa a wata sakandare a nan Tsanyawa, shi kimiyya, ni Hausa. Amma mutanen gari da motarsa suka fi saninsa. 'Yar ƙarama ce da ya haɗa da hannunsa da bututun ƙarfe, kujera biyu, injin yana tsakiya a bayan direba. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Fara ake ce mata, saboda yadda take tsalle a hanyar gona.

Matsalarta ɗaya, yashi. Da ta shiga sai tayar baya ɗaya ta yi ta juyawa tana watsa mana ƙasa a fuska, ɗayar tana tsaye ƙyam. Na sha tura motar nan da kayan Juma'a a jikina.

Shi ya fahimtar da ni cewa laifin dif ne, wato kaskon da yake raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya. Ya ce akwai irin wanda ba ya barin taya ɗaya ta kwashe ƙarfin ita kaɗai, shi yake nema.

Na ce, "Malam, ka yi masa walda mana, tayoyin su riƙa juyawa tare, mu huta."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gaban motar nan ba nauyi fa. In na ɗaure tayoyin, sai ka murɗa sitiyari ta ƙi jin magana, ta miƙe da kai cikin geron mutane. Kai za ka ba su haƙuri?"

Iri biyu ya samu a wajen masu sayar da kayan gyaran mota a Kano. Akwai mai faifai, wanda yake kamawa da ƙarfi amma yana fizga a kwana. Akwai mai haƙora zalla, mai aiki a hankali, sai dai in taya ɗaya ta ɗaga sama yakan saki. Rani guda ya yi yana jujjuya maganar. Ko a ofishin malamai, kana cin ƙosanka sai ya ɗauki marfin kwano biyu ya fara nuna maka yadda taya take shan kwana. Na san ransa yana kan mai faifai, don Malam yana son gudu.

Sai wata rana ya raka ni ƙauyenmu gaida mahaifina. Lokacin ciwon baya da gwiwa sun zaunar da Baba, ya daɗe bai taka gonarsa ba, babur kuma ba ya iya hawa. Suna cikin hira Baba ya ce masa, "Ɗana, yanzu labarin gonata ake ba ni kamar ta wani."

A hanyar dawowa sai Malam ya ce da ni, "Na gama shawara. Mai haƙora zan saya. Bayan Baba ba zai ɗauki fizgar wancan ba."

Ranar da muka kai Baba gonar a motar, gero ya riga ya yi kai. Muka cicciɓi Baba muka zaunar da shi, Inna ta cusa masa matashi a baya tana ta cewa, "Malam, don Allah a hankali." Ni ina biye a babur.

A bakin rafi taya ɗaya ta ɗaga, ta fara juyawa a banza. Na ce yau tsohon nan zai koma gida bai ga komai ba. Sai na ga Malam ya ɗan ja birkin hannu. Ɗayar tayar ta kama, motar ta haye gangaren sannu a hankali, ko hular Baba ba ta motsa ba.

Da muka isa, Baba ya miƙa hannu daga kan kujera ya karyo zangarniya, ya murza a tafinsa, ya sunsuna. Can ya juyo gare ni ya ce, "Wa ya yi wannan noman? Haka na koya muku?"

Malam Auwalu ya kifa kai a sitiyari yana dariya.

Damina ta gaba Baba ba ya duniya. Har ya koma ga Allah, in ya tambaye ni Malam sai ya ce, "Ina direbana?"

Ganina da Malam na ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce ne bayan an sauko daga masallaci. Yana tsugune a gindin darbejiyar ƙofar gidansa yana canza wa dif ɗin mai. Ya ce kansa yana ɗan sarawa, amma ba komai. Hannunsa duk baƙin mai, sai ya miƙo min gwiwar hannu muka gaisa.

Ya ce, "In an gama girbi ka zo in koya maka tuƙi a yashi. Ka gaji da bin mu a babur haka."

Na ce in sha Allahu. Ina sauri, ko zama ban yi ba.

Ya bar mahaifiyarsa da matarsa da yara ƙanana. Yanzu nake kama hanyar gidan.

Ya Allah, bawanKa Auwalu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sauƙaƙa masa kamar yadda ya sauƙaƙa wa tsohona. Ka raya abin da ya bari, Ka ba mahaifiyarsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, ko bai taɓa ganinsa ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. Ku haɗa da Babana.