Gurbin Mai Magani

Shekarar da Yayana ya gama sakandare aka kira su hidimar ƙasa. A wancan lokacin, yaron da yake son jami'a sai ya fara zuwa sansanin soja ya yi makonni yana fareti. Ni ina da shekara goma sha huɗu. Muna zaune a yammacin Omdurman, kusa da Kasuwar Libiya, inda Babanmu yake sayar da takalma.

A kasuwar nan Yaya ya tsinto kayan da ya haɗa kwamfutarsa, guntu-guntu. Akwatinta ba shi da murfi a gefe ɗaya saboda zafi, sai ya ajiye mata ƙaramar fanka tana hura ta. A cikinta yake yin wani wasa da mutane ke shiga ta intanet daga ƙasashe daban-daban. Kowa yana da mutum-mutuminsa, kuma kowa yana zaɓar sana'a. Akwai mai garkuwa, wanda yake tsayawa gaba yana shan dukan dodo. Akwai masu takobi, akwai mai kwari da baka. Sai mai magani, wanda yake tsayawa baya yana mayar wa sauran jinin da suka rasa. Mutum biyar ke shiga kogo tare. Yaya shi ne mai maganin wata ƙungiya ta 'yan Sudan, masu haɗuwa Litinin da Alhamis bayan la'asar.

Ya daɗe yana jira kafin ya sami wannan gurbin. Kuma dokarsu ita ce, wanda ya yi fashi sau uku a jere, an ba wani wurinsa.

Ana gobe zai tafi ya kira ni.

"Auta, zo ki zauna nan."

"Ban iya ba, Yaya."

"Kin iya. Kullum kina bayana a kan tabarma da littafin lissafi a buɗe, shafi ɗaya tun azumi. Kin zaci ba ni da ido a ƙeya?"

Na zauna. Kujerar da ɗuminsa. Ya nuna mini sanduna biyar a gefen allo, kowace sanda jinin mutum ɗaya, da sunansa a kai. Sannan ya ɗora yatsana a kan wani maɓalli da rubutunsa ya goge. Da na danna, sai wata da'irar haske ta sauka a kan mutanen duka, sandunan suka cika lokaci guda.

"Shi ke nan aikin. Ki danna, ki ƙirga shida, ki sake dannawa."

"In sun yi magana fa?"

"Rubutu ne kawai, intanet ɗinmu ba ya ɗaukar murya. Ki rubuta 'tamam', wato to. Ni ma ban cika wuce haka ba. Amma kada ki ce ke ce. Ki riƙe mini wurin har in dawo."

Inna tana bakin ƙofa tana jinmu. Na yi zaton za ta hana. Sai ta ce, "Tunda ya bar miki, ki riƙe masa. Amma sai kin gama wanke-wanke."

Mako uku komai ya tafi daidai. Ina dannawa, ina ƙirga shida, ina karanta abin da suke rubutawa. A makaranta ko an kira sunana muryata ba ta kai layi na biyu, amma a nan ba wanda yake jiran murya. Da haka na san su. Shugaban ƙungiyar, mai kwari da baka, malamin makaranta ne a Bahri. Ustaz suke ce masa. Shi kaɗai yake sa aya a ƙarshen kowace jimla, kuma ya taɓa ambaton jikansa. Masu takobi biyu ne: wani magidanci da ke aiki a Jidda, da wani mai sayar da magani a kemis wanda bai daɗe da aure ba. Mai garkuwa shi ne ƙaraminsu. Tikitin mota yake yankawa a tashar Suk al-Shabi, yana rubutu da sauri da kurakurai, kuma bakinsa ba ya hutawa. Wasan yana bari a ja sandunan nan sama ko ƙasa. Wata rana na jera su yadda ya fi kwanta mini: Ustaz a sama, sai na Jidda, sai na kemis, sai Yaya, mai garkuwa a ƙasa.

A mako na huɗu aka sabunta wasan. Kwana biyu kwamfutar tana saukewa, an ɗauke wuta sau biyu. Da ta gama sai ga doguwar sanarwa da Turanci. Na ɗauko ƙamus ɗin makaranta na bi ta layi-layi. Masu wasan sun ce sun duba sana'o'in, sun ga mai magani ya yi ƙarfi da yawa, don haka sun daidaita. Sun cire da'irar haske. Daga yanzu mutum ɗaya zai riƙa warkarwa, ya gama, sannan ya koma kan wani. A ƙasan wannan suka ce nan da mako biyu za a buɗe sabuwar ƙasa a bayan ƙofar dutse ta arewa, amma sai wanda ya saya zai shiga. Kuma da ita za a kawo sabuwar sana'a, mai fitila, wanda haskensa yake warkar da duk wanda yake kusa da shi.

Na karanta wurin sau biyu. Abin da suka ƙwace ne suka sa wa sabon suna.

Mai garkuwa ya rubuta, "Ya jama'a, sun cire kujerun motarmu, sun ce mai son zama ya sayi tikitin sabuwar mota. Ni ma gobe haka zan yi a tasha."

Na buɗe shafin saye don in gani. Akwai jerin ƙasashe. Na bi shi har ƙasa, na dawo sama, babu Sudan. Shekarun takunkumi ne, ko kana da kuɗin babu hanyar miƙa su. Sai dai wani ɗan'uwa a waje ya saya maka, ya aiko da lamba.

Ranar Alhamis muka shiga kogo. Dodon ya doki ƙasa, sanduna huɗu suka ragu lokaci ɗaya. Na danna tsohon maɓallin, ba abin da ya sauka.

A gidanmu ni ce mai kai shayi idan an yi baƙi. Tun ina ƙarama Inna ta koya mini: ana farawa da babba, ko yana can ƙarshen tabarma, ko hannun ƙarami ya riga ya miƙo. Sau ɗaya na taɓa kuskurewa, kuma ban manta kallon da ta yi mini ba. To a ranar ban yi wani tunani ba, hannuna ya yi abin da ya sani. Sandar Ustaz kaɗan ta ragu, na cika ta. Na koma ta na Jidda. Na koma ta na kemis. Kafin in kai ƙasa, mai garkuwa ya faɗi, dodon ya bi ta kanmu ɗaya bayan ɗaya.

Muka sake shiga. Na yi sauri, amma tsarin bai canza ba. Muka sake mutuwa.

"Ya zol!" in ji mai garkuwa, wato kai malam. "Ni ake duka! Ustaz yana can baya a inuwa kana ta yi masa fifita. Me na yi maka? Kujerar baya na taɓa ba ka?"

Na rubuta "tamam". Muka shiga na uku, aka sake kwashe mu.

Sai wani saƙo ya shigo da launi dabam, wanda ni kaɗai nake gani. Ustaz ne.

"Na lura da tsarin da kake bi. Ni, sai wanda ke bi na a shekaru, sai na bayansa. Sau uku, ba ka saɓa ba. Mai maganinmu bai san shekarun kowa ba, bai taɓa tambaya ba. Da wa nake magana?"

Fankar tana ta juyawa. A tsakar gida Inna tana kankare tukunya. Na sa yatsuna a kan maɓallan na ɗauke, na sake sawa. Shi kuma jira kawai yake yi, irin jiran malamai.

Na rubuta, "Ƙanwarsa ce. Yana sansani."

"Allah ya dawo da shi lafiya. Shekarunki nawa, 'yata?"

Na faɗa masa.

"An yi miki tarbiyya. Amma a nan ki fara da wanda jininsa ya fi zuba, ko da jikana ne. Ni zan iya jira. Ba zan gaya wa sauran ba."

Ya kuwa cika alkawari. Ni kuma na wargaza jerin, na mayar da mai garkuwa sama. Kullum in na dawo makaranta sai in shiga ƙananan koguna da baƙin mutane ina koyo. Abin ya yi mini wuya fiye da yadda za a zata. Duk lokacin da na tsallake sandar Ustaz sai in ji kamar na wuce shi a hanya ban gaishe shi ba. Amma Alhamis ta biyu muka gama kogon ba wanda ya faɗi. Mai garkuwa ya rubuta, "Mashallah, likita ya dawo daga hutu." Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki har Inna ta leƙo.

A ranar ne na Jidda ya ce a can ana sayar da katin sabuwar ƙasar a shago, ya riga ya aika wa Ustaz da na kemis. Ya tambaya, "Saura wa?" Mai garkuwa ya ce, "Saura ni, kuma ba kunya." Sannan na Jidda ya kira sunan Yaya. "Kai fa? In aiko maka?"

Na rubuta "eh" na goge. Na rubuta "in babu damuwa" na goge. Namiji ne baƙo, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Yarinya a gidanmu ba ta karɓar kyauta daga irinsa. Kuma da sunan Yaya zan roƙa, shi bai sani ba. Na duba ko Ustaz zai aiko da saƙo mai launi, bai aiko ba. Daga ƙarshe na rubuta, "Na gode, ina da hanya."

Ba ni da wata hanya.

Aka buɗe ƙofar dutse ranar Litinin. Na bi su har bakinta. Suka shige ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa mutum-mutumin Yaya yana ta tafiya a wuri ɗaya, goshinsa a jikin dutse, wani ɗan rubutu yana fitowa cewa ba a sayi wannan yankin ba. Alhamis ma na zo na tsaya. Litinin ta gaba ma haka. Ina ganin sunayensu a gefe, da sunan wani gari da ban iya furtawa ba. Tsohon garin cikin wasan ya zama fayau kamar kasuwa ranar Juma'a da azahar.

Bayan ta ukun Ustaz ya rubuto. Ya ce sun gwada sabon kogon su huɗu, bai yiwu ba. Wani saurayi daga Dubai, mai fitila, zai shiga. Ya ce sunan Yaya yana nan cikin 'yan ƙungiya, daga cikin biyar ɗin ne kawai aka cire shi. Ya ce, "Ma'alesh, ki yi haƙuri, 'yata. Ba laifinki ba ne." Na rubuta "tamam", na kashe kwamfutar, na lulluɓe ta da tsohon mayafin Inna saboda ƙura.

Juma'ar da ta biyo baya aka ba iyaye damar ziyara. Muka shiga mota ni da Inna, da kwanon gurasar kisra da miyar kuɓewa da ƙullin dabino. Da ƙyar na gane shi. Ya yi baƙi, ya rame, an aske masa kai har kunnuwansa sun fito. Ya ci abinci da sauri yana amsa wa Inna da ka. Da ta juya gaisawa da wata mata, sai ya matso kusa da ni.

"Yaya mutanena?"

Tun a mota na shirya cewa suna lafiya. Gaskiya ce ma. Amma na ga yadda ya tsayar da loma yana jira, sai na fara daga farko. Na gaya masa an cire da'irar.

"Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya."

Na gaya masa yadda na riƙa farawa da Ustaz. Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na miƙa masa ruwa. "Da Ustaz! Wayyo, Auta. Shi kuma ɗan tashar nan me ya ce?" Na faɗa masa, ya ƙara dariya. Sannan na zo kan ƙofar dutse, da tayin na Jidda, da amsar da na bayar, da mai fitilar Dubai.

Dariyar ta tsaya.

"Shi ya yi tayi da kansa?"

"Eh."

"Da ni ne da na karɓa."

Ba da faɗa ya faɗe ta ba. Da ma da faɗan ne. Ya ɗauki dabino ɗaya ya juya shi a hannu, ya mayar cikin ƙullin.

"Sau nawa kika je bakin ƙofar?"

"Uku."

"Kina tsaye kawai?"

"Na ce kada a rubuta ka yi fashi."

Ya ɗora hannunsa a kaina, a kan ɗankwali, abin da bai taɓa yi ba. Tafin hannun ya yi kaushi. "Ki daina shiga," ya ce. "Ki yi karatunki."

Aka busa usur. Ya miƙe, ya sumbaci kan Inna, ya miƙa mini kwanon da sauran kisra a ciki, ya ruga. Na bi shi da ido har ya shiga layi, daga nan ban ƙara iya ware shi daga sauran ba.