Subeda Keshar Das, Shugaban Badujala Mai Tarbar Manyan Baƙi

Haihuwa da nasaba

An haifi Keshar Das a watan Maris na shekarar 1939 a ƙauyen Kandarsain da ke gundumar Pauri, cikin tsaunukan Garhwal. Mahaifinsa Molu Das shi ne makaɗin ƙauyen, mahaifiyarsa kuwa Rukma Devi ce, wadda ta haifi 'ya'ya bakwai, uku kaɗai suka rayu. Kamar sauran gidajen makaɗa, ba a ɗaura aure ko a naɗa wani sai da gangarsu, amma idan aka zo rabon abinci a bakin ƙofa ake ajiye musu nasu. A cikin wannan hali ya tashi, kuma kafin ya cika shekara goma ya haddace duk kiɗe-kiɗen da mahaifinsa ya gada.

Karatu da shiga soja

Ya yi aji biyar a makarantar da ke hayin kogin Nayar, sannan rasuwar mahaifinsa a 1951 ta katse masa karatu. Ya riƙe gangar gidan shekara biyar, har zuwa 1956 lokacin da masu ɗaukar soja suka zo Lansdowne, ya taka da ƙafa kwana biyu ya gabatar da kansa. Ƙirjinsa bai kai awon da ake buƙata ba, har an sallame shi, sai shugaban badujalar rundunar, wani dattijo mutumin Goa mai suna Caitano D'Mello, ya ji shi yana kaɗa yatsu a jikin akwatin ƙarfe, ya nemi a bar masa shi. A hannun wannan dattijo ya koyi busa begila da sarewa, ya koyi karanta rubutun kiɗa da rubuta shi, abin da kaɗan ne cikin sa'o'insa suka iya.

Aiki a Delhi

A 1963 aka mayar da ƙungiyarsu Delhi, aka sanya ta cikin masu hidimar bikin Ranar Jamhuriya na ashirin da shida ga Janairu. Al'ada ce kowace shekara a gayyato shugaban wata ƙasa ya zama babban baƙo a wajen fareti, kuma kafin ranar akan yi masa tarba ta musamman inda ake busa taken ƙasarsa. Takardar taken takan iso daga ofis a watan Disamba, sau da yawa shafi ɗaya tak, sai an sami wanda zai rarraba ta ga masu busa da masu kiɗa arba'in da huɗu. Wannan aiki ya faɗo wa Keshar Das, ya kuma riƙe shi da amana. Bai taɓa ƙetare iyakar ƙasarsa ba, amma abokan aikinsa sun shaida cewa ya haddace taken ƙasashe fiye da talatin, har sukan tsokane shi da cewa duniya ta shiga kansa ta kunne. A 1975, bayan D'Mello ya yi murabus, aka ba shi muƙamin subeda, wato ƙaramin hafsan soja, da shugabancin ƙungiyar, mutanensa suka koma kiransa Ustad, wato malam.

Aure da 'ya'ya

Ya auri Sampati Devi 'yar ƙauyen Bhainswara a 1961. Ba ta taɓa zama a Delhi fiye da wata guda ba, domin ita ke noma 'yar gonar tamba da ke gefen dutse, tana kuma kula da surukarta. Sun haifi 'ya'ya huɗu: Sarojini, Bhagat, Pitambar da Darshani. Hutunsa na shekara yakan faɗo bayan bikin Ranar Jamhuriya, saboda haka yaran sun san Fabrairu a matsayin watan Baba.

Shekarar da aka busa tsohon take

Iyalinsa sun nemi kada a ambaci shekarar ko sunan ƙasar, an kuma mutunta buƙatarsu. A wannan shekara ne aka zaɓe shi, karo na farko, ya jagoranci haɗaɗɗiyar badujala a gaban rumfar manyan baƙi ranar fareti, matsayin da babu wani ɗan gidan makaɗa daga yankinsu da ya taɓa kaiwa. Ya aika wa matarsa ta zo da yara, aka samar musu wurin zama.

Da takardar taken baƙon ta iso, ya duba ya gane ta, domin shekara goma sha ɗaya kafin nan ya busa wa wani jakadan ƙasar wannan take. Ya kuma taɓa ji a rediyo cewa mulki ya sauya hannu a can. Sai ya ɗauki takardar ya je wurin jami'in da ke kula da su, wani matashi mai suna Kyaftin Ashwani Bhasin, ya sara masa, ya roƙi a sake tambaya ko ba a canza taken ba. Kyaftin ɗin yana tsakiyar aiki, ya amsa masa ba tare da ya ɗago kai ba.

"Ustad, takarda ta fito daga sama da hatimi. Kai busa aka ce ka yi, ba siyasar duniya ba. Ko a ƙauyenku makaɗi ne ke zaɓar wa ango amarya?"

"A'a, Sahib," in ji shi, wato ranka ya daɗe. Ya sake sarawa ya fita.

Kwana biyu kafin fareti aka yi tarbar. Baƙon, wani dattijo siriri mai furfura, ya hau dandamali ya ɗora hannu a ƙirji. Keshar Das ya ɗaga sanda, ƙungiyar ta fara. Ba a yi nisa ba baƙon ya sauke hannunsa, ya sunkuyar da kai, ya tsaya a haka har aka gama. Daga baya aka san cewa ya yi shekara tara a kurkukun gwamnatin da aka kifar, kuma da wannan take ake tashin fursunoni kowace safiya.

An kafa kwamitin bincike a ranar. Aka nuna wa Keshar Das a fili cewa dole laifin ya sauka a kan wani, in ba haka ba za a rushe ƙungiyar a rarraba mutanenta. Kyaftin Bhasin ya ce bai tuna an kawo masa wata magana ba, kuma babu shaida. Keshar Das ya nemi a ba shi lokaci kaɗan, ya fita ya dubi mutanensa zaune a kan akwatunan kayan busa, wasu da sauran shekara ɗaya su kammala aiki, ya dawo ya sa hannu cewa sakacinsa ne. Ranar fareti wani ne ya riƙe sandar. Shi da matarsa da yaran suka zauna a ɗakinsa na bariki, suna jiyo ƙarar igwa daga nesa, Sampati Devi tana gasa gurasa babu mai ci.

Komawa gida

An sallame shi a watan Afrilu tare da rubuta sakaci a takardunsa. Ya koma Kandarsain, ya rataye kakinsa, ya kama noma. Labarin ya riga shi isa, har wasu manyan ƙauyen kan ce ai dama an san inda abin zai ƙare. Bai taɓa kare kansa a gaban kowa ba, matarsa kaɗai ya gaya wa abin da ya faru, ita kuma ta gaya wa Sarojini bayan shekaru. Ɗansa Pitambar, wanda ya fi kowa gadon kunnensa, ya nemi shiga badujala sau biyu ba a ɗauke shi ba, ya tafi aikin gina hanya a kan iyaka, inda zaftarewar ƙasa ta yi ajalinsa a 1994. Sampati Devi ta bi shi a 1998. Tun daga wannan lokaci jinsa ya fara raguwa, kafin 2003 ya kurumce gaba ɗaya, sai da allo ake magana da shi.

Baƙon shekarar 2009

A watan Oktoba na 2009 wata mota ta tsaya a ƙarshen hanya, wani dattijo mai dogara sanda ya hau tudu har ƙofar gidan. Ashwani Bhasin ne, ya yi ritaya da babban muƙami. Ya ƙi kujerar da aka kawo masa, ya zauna a ƙasa, ya yi doguwar magana yana kuka, ya ce ya tuna komai, tsoro ne ya sa shi ƙarya, kuma a shirye yake ya rubuta haka ga hukuma. Keshar Das yana kallon bakinsa bai ji ko kalma ɗaya ba. Sarojini ta ɗauki allo ta rubuta masa taƙaitaccen bayani. Ya karanta sau biyu, ya goge da gefen rigarsa, ya ce a dafa wa Sahib shayi. Can ya juya wajen 'yarsa.

"Tambaye shi, ai yana wurin ranar tarbar. Ban da cewa ba shi ne taken ba, yarana na badujala sun yi kuskure a busar?"

Bhasin ya karɓi allon da kansa ya rubuta cewa ko ɗaya.

"To," in ji Keshar Das. "Na daɗe ina son in ji daga bakin wanda ya saurara."

Bhasin ya cika alkawari ya rubuta takardar, amma ya mutu bayan wata takwas, kafin a kira shi ya tabbatar da ita.

Rasuwa

Keshar Das ya yi jinyar ciwon ƙirji na mako uku, rai ya yi halinsa da hantsin ranar sha huɗu ga Nuwamba, 2011, yana da shekara saba'in da biyu. An ƙona gawarsa a bakin kogin Nayar da yammacin ranar, ɗansa Bhagat ne ya sa wuta, mutum biyar daga tsohuwar ƙungiyarsa suka halarta. Ya bar 'ya'ya uku: Sarojini, malamar makaranta a Pauri, Bhagat, direban motar haya a Kotdwar, da Darshani, wadda ke aure a Dehradun, da jikoki tara. Har zuwa lokacin da aka rubuta wannan tarihi ba a goge kalmar sakaci daga takardunsa ba. Sarojini ta rubuta wa hukuma sau goma sha ɗaya, amsar ƙarshe da ta samu ta ce ana kan duba lamarin.