Kakar da Aka Hana Ni Gudu

Na dawo gida daga jami'a a farkon kaka, lokacin da aka fara yankan gero. A makaranta ina cikin masu tseren nesa, kuma kafin mu rabu mai horar da mu ya shaida mini cewa za a yi gwajin zaɓen 'yan tseren jiha idan sanyi ya shiga. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada in bar ƙafata ta yi sanyi a watannin da babu gasa. Wannan gurbi nake nema, domin a lokacin ban ga wata ƙofa a buɗe ba sai ita.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar da ta tashi daga Gummi ta nufi Bukkuyum. Ya kamata in faɗi, don kada a yi wa mutanenmu mummunar fahimta, cewa shekaru ke nan babu mai gudu a wurinmu sai da dalili. Duk wanda aka ga ya fito daga daji a guje, to 'yan bindiga ya gani. Na san haka, amma na ɗauka jar rigar wasanni da farin takalmi sun isa bayani.

Ranar farko na fita bayan sallar asuba, na zaga gonakin da ke kusa, na juyo gida rana tana fitowa. Matan da ke bakin rijiya suka hango ni. Guga ya koma cikin rijiya da igiyarsa, mai ƙosai ta bar kaskonta a kan wuta, wani maƙwabcinmu kuma ya ɗora matarsa a babur, bai tsaya ba sai Gummi. A ƙofar gida na tarar da Baffa, ƙanen mahaifina da ke riƙe da gidanmu, da hula a hannu.

"Su nawa ne? Ta ina sunka biyo?"

"Babu kowa, Baffa. Motsa jiki nake yi."

"Wa ab biyo ka?"

"Ba wanda ya biyo ni."

"To kai wa kaka bi?"

"Ba kowa."

Ya dube ni tun daga takalmi har kai. "Ba ka bin kowa, ba mai bin ka, kuma kana gudu. Wanga shi ne karatun da munka kai ka?"

Na yi bayanin numfashi da juriya da gwajin jiha, dalla-dalla. Hukuncin da ya yanke shi ne, daga tsamiyar bakin gari har zuwa gida, in riƙa ɗaga murya ina cewa "Lafiya lau!" don kowa ya ji.

Wanda bai taɓa tseren nesa ba ba zai gane irin ɓarnar da wannan ke yi ba. Numfashin mai gudu yana tafiya ne da takunsa, ihu kuwa wargaza shi yake yi. Ga shi mutanenmu ba sa jin "lafiya lau" su yi shiru. Wannan ya ce ina gajiya, wancan ya ce ya jikin Inna. Wani dattijo har gida ya zo ya kai ƙarata, wai na gaishe shi a tsaye, kuma ban jira ya amsa ba. Duk da haka na jure, sannu a hankali kuma gari ya saba. Idan aka hango mai gudu, sai a ce ɗan boko ne, a ci gaba da aiki. Na ɗauka matsalar ta ƙare.

Wata safiya wuta ta kama ciyawa kusa da dammunan geron wani manomi da bai riga ya kwashe ba. Ya sheƙo gari a guje yana neman taimako, matan rijiya kuwa ko kai ba su ɗaga ba. Ban ga abin da idona ba, kuma ba zan faɗi yawan asarar ba, domin shi ya ce fiye da rabi ya ƙone, ɗansa ya ce bai kai ba. Abin da na tabbatar shi ne, mutumin gajere ne mai jiki, yana sanye da tsohuwar jallabiya, kuma "wuta" yake cewa. Na faɗi wannan a gaban dattawa bayan la'asar, da aka ɗora mini laifin, don a ga babu abin da ya haɗa kamanninsa da nawa. Mai ƙosai ta aiko da amsa cewa daga nesa duk ihu ɗaya ne.

"Ka ɓata muna gudu," in ji Baffa. "Da, in mutum ya sheƙo, gari duka ya san abin yi. Yau wuta ta. Gobe in wani abu na hwa?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ɓata shi shi ne na rasa inda zan kama maganarsa da kuskure.

Daga ranar aka hana ni gudu a waje. Sauran kakar a tsakar gida na yi ta, ina zaga rumbuna uku, ina tsallake kaji da shanyar barkonon Inna, har juwa ta ɗebe ni. Inna kan zauna da tsintar wake ta ce, "Sannu, ɗan nan. In ka iske shi, ka gaishe shi."

Da sanyi ya shiga na tafi Gusau gwajin. Tun kafin rabin tafiya ƙirjina ya gaya mini gaskiya, ba a kuma zaɓe ni ba. Ba zan ce da an bar ni na yi horo da na samu gurbin ba, domin ba ni da hujjar haka. Amma ƙafa ba ta koyon doguwar hanya a bayan rumbu.

Da na dawo, Baffa ya tare ni cikin fara'a. Ya ce bayan tafiyata wani ya shigo gari a guje, kuma kafin ya iso rijiya ko akuya ba ta rage a waje ba. Jakinsa ne ya tsinke.

"Ka gani ko?" ya ce. "Gudu ya gyaru. To kai ya kunka ƙare da naka?"