Agwagwar Asta

Yayana Jibirin mai hoto ne a Gwarzo. Babu amaryar da bai ɗauka ba daga nan har Getso, amma wallahi ba shi da hoton matarsa Asta ko ɗaya. Bafillatana ce, kunya ta yi mata yawa. Da ya ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya.

Ita ce ta sa masa ciwon agwagwar nan. Ta ce tana yarinya, in sun kai shanu shan ruwa dam ɗin Guzuguzu da ke Kabo, takan ga wata 'yar agwagwa ja mai fararen idanu, ba irin kirinjijiyar da kowa ya sani ba. Mu dai dariya muka yi mata. Yaya kuwa ya rantse sai ya kawo mata hotonta.

Kowane sanyi sai ya hau babur ya tafi, ya yini a tsugune cikin ciyawa, ya dawo da taɓo har gwiwa. Nakan ce, "Yaya, mai hoton agwagi, ina amaryar?" Bai taɓa kula ni ba.

Sai zamani ya juya. Shari'a ta zo, aka rage kiɗa da taron biki, masu kiransa suka ragu. Ga tsada, fim ya fi ƙarfinsa. Na ƙarshen da ya saya ya yi ta lallaɓa shi har saura ɗauka ɗaya, ya ce wannan ta agwagwa ce. A shekarar Asta ta haifi Furera, jikinta kuma bai koma daidai ba.

Wata safiya Dalhatu masunci ya zo a keke yana haki, wai agwagwar ta sauka. Ina ɗakin Asta a lokacin. Asta ta yunƙura ta zauna, ta ce in ɗaura mata ɗankwalinta mai kyau. Ta dubi Yaya ta ce, "Malam, yau dai ɗauke ni."

Ya yi dariya, ya zaci zolaya ce. Ya ce, "Haba Asta, yau da abar taki ta zo? Bari in kawo miki ita. Ranar kasuwa na sayo fim, mu yi miki har ki gaji."

Ta ce, "To, a dawo lafiya."

Kafin azahar Asta ta cika. Aka tura mutum Guzuguzu, ya zaga bakin ruwa yana kiran Yaya, bai gan shi ba, don ya shige ciyawa ya yi lamo kada tsuntsuwar ta tashi. Liman ya ce ba a ajiye gawa. Da Yaya ya shigo unguwa da yamma yana washe baki, mutane na dawowa daga maƙabarta.

Hoton ya fito, kuma ya yi kyau, abin haushi! Ga agwagwar ja, ga fararen idanun, yadda Asta ta faɗa. Har yau in na gan shi zuciyata ƙuna take, na rasa da wa zan yi fushi. Yaya bai sake taɓa kyamara ba, noma ya koma.

Furera ta girma. Rannan ta ce, "Baba, Innata da wa ta yi kama?" Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da hoton agwagwar ya miƙa mata. Ta juya shi gaba da baya tana neman mutum a ciki.